SHRIVE: Kalmar Yafiya Da Ta Fito Daga Bakin Alƙalami

 

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha wani malaminmu ya ba mu aikin fassara sharhin wata jarida daga Turanci zuwa Hausa. A ciki akwai jimlar da ke cewa majalisa ta bai wa koken ma'aikata short shrift. Da ganin kalmar ta biyu sai na ɗauka kuskuren ɗab'i ne, shift ake son rubutawa, wato aikin karɓa-karɓa. Na zauna na rangaɗa cewa majalisa ta rage wa ma'aikata awannin aiki. Da takardata ta dawo, jan biro ya zagaye jimlar, a gefe malam ya rubuta: "Ka juya labarin." Ashe abin da ake nufi shi ne majalisa ta yi fatali da koken ba tare da ta tsaya ta saurara ba. Harafi ɗaya tak ya sa na mayar da wulaƙanci ya koma alheri.

Kunyar wannan rana ce ta sa na bi sawun kalmar. Shrift suna ne da aka samo daga wani tsohon aikatau, shrive, wanda Turawan Ingila suka yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da shi wajen maganar yafe zunubi, yau kuma sai a tsofaffin littattafai ake cin karo da shi. Abin da ya ja hankalina, wanda kuma ya sa na ga ya dace da zaurenmu, shi ne asalin kalmar. Tushenta shi ne sana'ar da ta tara mu a nan: rubutu.

ME KALMAR TAKE NUFI?

A al'adar cocin Katolika, mai laifi yakan je wurin limami, wato fada, ya faɗi zunubansa da bakinsa. Fada ya saurara, ya ɗora masa wani aiki na tuba kamar azumi ko addu'a ko sadaka, sannan ya sanar da shi cewa an yafe masa. Shrive ta ƙunshi waɗannan matakai uku gaba ɗaya: sauraro, yanke kaffara, da sallama. Idan aka ce fada ya yi wa mutum shrive, duk ukun ake nufi. Mutum kuma yana iya yi wa kansa, ma'ana ya je ya amayar da abin da ke cikinsa. Wanda aka gama da shi ana kiransa shriven, wanda kuwa ajali ya riska kafin ya samu hakan ana ce masa unshriven, kuma ga Baturen wancan zamani babu mutuwar da ta kai wannan ban tsoro.

Don haka duk wanda ya fassara kalmar da "yafe" kawai ya bar kashi biyu cikin uku a baya. Yafiya ce mai sharaɗi, sai an faɗi laifi kuma an ɗauki nauyin biya.

DAGA KARTA ZUWA RUBUTU

Asalin kalmar shi ne scribere, aikatau na harshen Latin mai ma'anar rubutawa. Ƙabilun da ke magana da harsunan dangin Jamusanci sun ari wannan kalma tun lokacin da suke cuɗanya da daular Rum, inda suka ga ana tafiyar da mulki da takarda da tawada. Har gobe da ita jikokinsu suke cewa "rubuta": Jamusawa na cewa schreiben, mutanen Holan schrijven, mutanen Suwidin skriva.

Turawan Ingila su ne suka fita daban. Suna da tasu kalmar ta gado, writan, wadda ma'anarta ta farko ita ce karta ko tsagawa, domin kakanninsu da wuƙa suke karta haruffansu na gargajiya a jikin itace da dutse da ƙashi. Da alƙalami da fata suka iso, sai suka ci gaba da amfani da tsohuwar kalmarsu, ita ce ta zama write ta yau. Baƙuwar kuwa, wadda suke furtawa scrifan, sai ta tarar an riga ta zama a kujerar rubutu. Dole ta nemi wani aikin.

Akwai alamu biyu da ke nuna daɗewar kalmar a harshen. Ta farko a furuci take. A tsohon Turanci, sautin "sk" ya narke ya koma "sh", shi ya sa scip ta zama ship, fisc ta zama fish. Wannan guguwa ta tarar da scrifan a gida, ta mayar da ita shrive. Ƙannenta da aka aro daga baya, irin su scribe da script da describe, sun zo bayan guguwar ta wuce, shi ya sa suka tsira da "sk" ɗinsu. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da shrive, amma ba mai ganin kamar.

Alama ta biyu a nahawu take. Aikatau na aro a Turanci kusan duk ɗafa-ƙeyar -ed suke ɗauka idan za a nuna shuɗaɗɗen lokaci. Aikatau na gado ne ke canza wasalin cikinsu, kamar drive, drove, driven. To ita wannan baƙuwa ta saje har ta shiga sahun 'yan gida: shrive, shrove, shriven. Kamar dai yadda "mota" ta zauna a bakinmu har muka yi mata jam'i irin namu muka ce "motoci".

KALMAR ALƘALI CE TUN FARKO

Aikin da scrifan ta samu shi ne na zartarwa. A duniyar da mafi yawan mutane ba su iya karatu ba, abin da aka rubuta shi ne doka, ko haraji, ko hukunci. Saboda haka "rubuta wa mutum" ya koma "yanka masa", kamar yadda mu ma muke cewa likita ya rubuta wa majiyyaci magani, ko mu ce abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi. A tsohuwar waƙar nan ta jarumta mai suna Beowulf, wadda kwafinta guda da ya rage aka rubuta shi wajejen shekara ta 1000, an yi amfani da kalmar wajen maganar hukuncin da Ubangiji zai yanke wa dodon nan Grendel. A wani wurin kuma an liƙa mata ɗafa-goshi ta zama forscrifan, ma'ana la'anta da kora. Babu ƙanshin rahama ko kaɗan a jikinta a wannan mataki.

To yaya aka yi kalmar hukunci ta rikiɗe ta zama ta yafiya? Amsar tana cikin wasu ƙananan littattafai da limamai ke yawo da su.

LITTATTAFAN FARASHIN ZUNUBI

A ƙarnukan farko na Kiristanci, tuba daga babban zunubi a bainar jama'a ake yin sa, kuma sau ɗaya a rayuwa. Mai tuba yakan sa tsumma, a ware shi daga sauran masu ibada, wani lokaci na tsawon shekaru. Tsananin abin ya sa mutane da yawa suke jinkirta tuba sai sun ga alamar mutuwa.

A ƙarni na 6, masu zuhudu na tsibirin Ailan suka ɓullo da wata hanya. Mutum ya keɓe da malaminsa, ya faɗi laifinsa a asirce, a yanka masa kaffara daidai girman laifin, kuma in ya sake faɗawa ya sake dawowa. Don kada kowane limami ya riƙa yanka abin da ya ga dama, sai aka rubuta jerin laifuffuka, kowanne da adadin kwanaki ko shekarun azumin da ke kansa. Ba kowa ya yi maraba da wannan ba. Taron limamai na Toledo a ƙasar Sifen ya yi tir da maimaita tuba a 589, wani taron kuma a Faris ya ba da umarnin a ƙone irin waɗannan littattafai a 829. Amma mutane sun riga sun ɗanɗana sauƙin sirri, ba su koma baya ba.

Kiristanci ya shigi Ingila ta ƙofa biyu. A 597 Fafaroma Gregory ya aiko Augustine zuwa masarautar Kent a kudu, a 635 kuma Aidan ya zo daga tsibirin Iona, cibiyar masu zuhudun Ailan, ya kafa zangonsa a Lindisfarne a arewa. Tsarin na Ailan ya samu gindin zama, har aka tattara hukunce-hukuncen Theodore, mutumin Tarsus wanda ya iso Ingila a 669 a matsayin babban limamin Kantabari ya kuma rasu a 690, aka yi littafi da sunansa. Ga kaɗan daga abin da ke ciki. Wanda ya sha giya har ya yi amai, in mutumin gari ne kwana 15, in mai zuhudu ne kwana 30, in limami ne kwana 40. Wanda ya kashe mutum a fagen yaƙi kwana 40. Wanda ya yi kisa don ɗaukar fansar ɗan'uwansa shekara 7 ko 10, amma in ya biya diyya ga dangin mamacin a rage masa rabi.

Irin wannan littafi a tsohon Turanci sunansa scriftboc. Kaffarar da aka yanka sunanta scrift, shi kansa limamin da ke sauraro scrift ake ce masa. Aikin da yake yi lokacin da ya duba littafi ya ce "naka kwana arba'in ne" shi ne scrifan. Ga inda rubutu da hukunci da tuba suka haɗu a kalma ɗaya.

Sauyin ma'ana kuwa daga wajen mai tuba ya zo. Shi limami hukunci yake yankewa, amma mutumin da ya shiga da nauyi a ƙirji ya fito sakayau, abin da ya fi tunawa shi ne sauƙin da ya samu. Sannu a hankali sunan mataki na tsakiya ya mamaye zaman gaba ɗaya, daga nan ya karkata zuwa ƙarshensa mai daɗi. Kalmar da aka la'anci dodo da ita ta zama abin da mai shirin mutuwa ke roƙo da hawaye.

KO SARKI BAI TSIRA BA, AMMA MAI KUƊI YA SAMU HANYA

Kada a ɗauka wannan lissafi na talakawa ne kawai. Bayan yaƙin Hastings na 1066, inda William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, limamai sun yanka wa sojojin da suka yi nasara kaffara, wakilin Fafaroma mai suna Ermenfrid ya tabbatar da ita wajejen 1070. Duk wanda ya san ya kashe mutum, shekara guda a kan kowane rai. Wanda ya sari mutum bai san ko ya mutu ba, kwana 40. Maharba, da yake ba su san inda kibansu suka faɗa ba, azumin kwana arba'in na shekara uku. Wanda ya kasa ƙirga waɗanda ya kashe, kwana ɗaya a kowane mako har ƙarshen ransa, ko kuma ya gina coci. Shi kansa William ya gina gidan ibada a daidai filin da aka gwabza.

Sai dai duk inda aka sa wa abu farashi, mai hali zai nemi ragi. Wani littafin jagorar limamai na tsohon Turanci, na wajejen ƙarni na 11, ya bayyana yadda babban mutum mai jama'a zai sauke azumin shekara bakwai cikin kwana uku. Zai nemi mutum 12 su yi azumin kwana uku a kan burodi da ruwa da ganye, ya ƙara da mutum 120 sau bakwai, wato 840, su ma su yi na kwana uku. In ka haɗa 852 ka ninka sau uku za ka samu 2,556, kwanakin shekara bakwai kuwa 2,555 ne. Lissafi ya fita. Marubucin da kansa bai ɓoye cewa wannan sauƙi na mai dukiya da abokai ne ba, talaka ba shi da wannan hanya sai ya ɗauki kayansa da kansa, har ya ƙara da cewa abin da ya fi daidai shi ne kowa ya biya wa kansa. Da ma an ce mai kuɗi abokin sarki.

LOKACIN DA KALMAR TA SHIGA KOWANE GIDA

Shekarar da ta ɗaga darajar shrive ita ce 1215. A wannan shekara Fafaroma Innocent na Uku ya kira babban taro a fadar Lateran da ke Rum, doka ta 21 ta taron kuma ta wajabta wa kowane Kirista, namiji da mace, da ya kai shekarun hankali ya je ya faɗi zunubansa ga limamin unguwarsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Dokar ta kuma ɗaure bakin limamin: wanda ya tona abin da aka faɗa masa za a tuɓe shi a kulle shi a gidan zuhudu yana tuba har mutuwa.

Daga nan kalmar ta zama ta manomi da maƙeri da mai gadin ƙofa. Rubuce-rubuce suka yawaita don koya wa mutane yadda ake yi. Wani littafi mai suna Ancrene Wisse, da aka rubuta a farkon ƙarni na 13 domin wasu mata masu zaman kaɗaici na ibada, ya ware babi guda a kan shrift, ya lissafa siffofi 16 da ya kamata ikirarin zunubi ya cika. Daga ciki akwai cewa mutum ya zargi kansa kada ya ɗora wa wani, ya faɗi abin tsirara ba tare da ado ba, kuma kada ya jinkirta. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Duk marubucin da ya taɓa gwada rubuta tarihin rayuwarsa ya san wahalar waɗannan sharuɗɗa.

Girman abin a zukatan mutane ya fito fili lokacin annobar da ta shafe wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. A Janairun 1349, da limamai suka yi ƙaranci saboda mutuwa da gudu, Bishop Ralph na Bath da Wells ya aika wasiƙa cewa wanda mutuwa ta zo masa babu limami a kusa ya faɗi zunubansa ga mutumin gari, in babu namiji ko ga mace. A wancan zamani wannan ba ƙaramin sassauci ba ne. Ya nuna cewa mutuwa ba tare da shrift ba ta fi karya doka muni a wurinsu.

Inda akwai buƙata kuma akwai 'yan kasuwa. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya zana hoton wani malamin coci mai yawo a cikin Canterbury Tales, mai daɗin baki wajen sauraron zunubi, mai sauƙin kaffara ga duk wanda ya san zai miƙo abin goro. Hujjar malamin ita ce kyauta alama ce ta cewa tuban mutum ya karɓu, tunda wasu zuciyarsu ta yi tauri ba sa iya kuka. Chaucer bai zage shi ko sau ɗaya ba, yabonsa ya yi ta yi har mai karatu ya gane da kansa. Wannan dabara ce da ta cancanci mu koya.

GAJEREN IKIRARI KAFIN ABINCIN RANA

Yanzu bari mu koma ga maganar da ta kayar da ni a aji. Sarki Edward na Huɗu ya rasu a Afrilun 1483 ya bar ɗa mai shekara 12. Ƙanin marigayin, Richard, shi aka naɗa mai riƙon ƙwarya. A cikin manyan fadawa akwai Lord Hastings, wanda kada a rikita sunansa da garin da aka yi yaƙin 1066, amintaccen marigayi ne kuma mai goyon bayan yaron. Ranar 13 ga Yuni, ana tsakiyar zaman majalisa a Hasumiyar Landan, Richard ya zarge shi da cin amana, aka fitar da shi aka fille masa kai ba tare da shari'a ba. Kafin watan ya ƙare Richard ya hau gadon sarauta.

Kimanin shekara 30 bayan haka Thomas More ya rubuta tarihin wannan sarki, kuma ba masoyinsa ba ne, don haka a karanta shi da wannan a zuciya. A ruwayarsa, Richard ya rantse ba zai ci abincin rana ba sai ya ga kan Hastings a ƙasa. Sai mutumin ya kama limamin da ya samu a kusa ya yi gajeren ikirari, domin ba a ba shi damar yin mai tsawo ba, mai riƙon ƙwarya na sauri ya je ya ci abinci. Wannan gajeren ikirari shi ne short shrift. Shakespeare ya ɗauko labarin daga littattafan tarihin da suka kwafi More, ya sa shi a wasansa na Richard III a farkon shekarun 1590, daga nan maganar ta samu fukafukai.

Sai ka san nauyin shrift sannan za ka ji zafin maganar. An ba mutum 'yan mintoci ya shirya lahirarsa saboda wani yana jin yunwa. Marubutan ƙarni na 19 suka farfaɗo da ita, ma'anarta ta faɗaɗa ta koma duk wani sauraro na je-ka-na-yi-ka da babba ke yi wa ƙarami. Da na san wannan a lokacin, da na rubuta cewa majalisa ta sallami ma'aikata tun ba su rufe baki ba.

Shakespeare ya yi amfani da kalmar a wasu wuraren. Juliet ta fake da zuwa shrift ne ta fita daga gida aka ɗaura mata aure da Romeo a ɓoye, domin wannan ce fitar da ba a hana budurwa. Hamlet kuma, da ya sauya wasiƙar da za ta halaka abokan tafiyarsa biyu, ya rubuta cewa a kashe su ba tare da an ba su lokacin ikirari ba. 'Yan kallon zamanin sun san wannan mugunta ce da ta wuce kisa.

YADDA TA MUTU, DA ABIN DA TA BARI

A lokacin da Shakespeare ke rubutu, ƙasa ta riga ta fara zamewa a ƙarƙashin kalmar. Sarki Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da Fafaroma a 1534, ko da yake dokarsa ta 1539 ta bar ikirari ga limami yadda yake. Littafin addu'a na 1549 ya mayar da shi ganin dama, ƙa'idojin cocin Ingila 39 da aka kammala a 1571 kuma suka cire shi daga jerin manyan ibadun da Linjila ta kafa. Da mutane suka daina zuwa, bakinsu ya daina faɗa. Su ma Katolikan da suka ci gaba da al'adar sun koma ga confess da absolve. Ba wanda ya kafa dokar hana shrive, aikinta ne ya ƙare.

Tana da abokiyar zama da ta bi ta kabari. Bayan 1066 Faransanci ya kawo assoil, wadda ta fito daga absolvere ta Latin, ma'ana kwancewa, kamar a kwance wa mutum igiya. Ita ma ta yi zamani, sai masana suka sake aro kalmar kai tsaye daga Latin a siffar absolve, sabuwar ta ture tsohuwar. A kotunan Sikotlan kaɗai ta rage, a siffar assoilzie, inda ake amfani da ita idan an wanke wanda ake ƙara.

Ita shrive ta bar gado biyu. Na farko shi ne short shrift. Na biyu sunan rana ne, Shrove Tuesday, Talatar da ke gaban azumin kwana arba'in na Kirista, kwana 47 kafin Ista. A da, a wannan lokaci ne ake buga ƙararrawa mutane su je su sauke zunubansu kafin azumi. Da yake azumin ya hana cin ƙwai da madara da kitse, matan gida sukan haɗa abin da ya rage da fulawa su soya don kada ya lalace. Ikirari ya tafi, suya ta zauna. Ƙararrawar ma sunanta ya koma na abin suyar, kuma yawancin mutanen Ingila yau Pancake Day suke kiran ranar. A garin Olney mata na yin tsere riƙe da kasko, al'adar da mutanen garin ke cewa ta faro tun 1445. A Ashbourne kuma gari ne ke rabuwa biyu a buga wata ƙwallo ta gargajiya wadda ragarta biyu ke da tazarar mil uku.

Wannan pancake ɗin ita ce ta biyo Turawa zuwa ƙasarmu, bakinmu ya sarrafa ta ta zama fanke, ko da yake nasu falle ne mai faɗi kamar sinasir, namu kuwa dunƙule. Duk wanda ya sayi fanke da safe ya taɓa gefen wannan dogon labari bai sani ba.

ABIN DA YA SHAFE MU

Na farko, kalma ba ta tafiya a banza, al'ada ce ke jan ta. Abin da ya faru da scribere a Ingila yana da ɗan'uwa a bakinmu. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya kawo hujja a 1960 cewa "rubutu" da "karatu" ta hanyar Barebari suka shigo Hausa. Da kalmar ta zauna, sai ta haifi wata ma'ana: in aka ce an ba mara lafiya rubutu, kowa ya san ba takarda aka miƙa masa ba, wankin allo ya sha. Baƙon da ya dogara da ƙamus kaɗai zai yi irin kuskuren da na yi.

Na biyu, kalmomin da muke ɗauka ma'anarsu ɗaya kowace da hoton da take ɗauke da shi. A Turanci forgive da pardon kyauta ce, assoil kwance igiya, shrive rubuta hukunci. A namu, gafara ta fito daga saiwar Larabci mai ma'anar rufewa, afuwa daga mai ma'anar shafe sawu, tuba daga mai ma'anar komowa. Idan tauraruwar labarinka ta ce wa mijinta "na yafe maka", daban ne da sarki ya ce "an yi maka afuwa", daban ne kuma da tsohuwa ta ce "Allah ya gafarta mana". Marubucin da ya zuba su duk a kwando ɗaya ya yi asarar abin da harshe ya ba shi kyauta.

Na uku, kalma tana mutuwa ne ranar da aikinta ya mutu, sai dai ta bar sawu a karin magana ko sunan wata rana. Yara nawa ne yau suke cewa "ba ni da ko anini" ba tare da sun taɓa ganin anini ba? Turawa sun iya bin sawun shrive na sama da shekara dubu saboda a kowane ƙarni akwai wanda ya rubuta ta a cikin jimla, da mai faɗa da wanda ake faɗa wa. Kalmomin kakanninmu na saƙa da jima da fatauci ba za su samu wannan gata ba sai mun sa su a bakin mutanen labaranmu tun masu faɗarsu suna raye.

Aikin wannan mako: kowa ya kawo tsohuwar kalmar Hausa guda ɗaya da ya ji a bakin wani dattijo wadda ba ya ji a bakin sa'anninsa, ya faɗi garin da ya ji ta, ya kuma sa ta a jimla. Inda na yi kuskure a gyara mini, ɗalibi nake. Allah ya ƙara mana basira, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.